Bushiyar Takarda da Darasin da Muka Mai da Shara

Wata Asabar cikin babban hutun da ya wuce, yara tara suka cika mini zaure a nan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Uku jikokina ne, sauran na maƙwabta ne da suka ji ƙishin-ƙishin cewa Baba Mushe, kamar yadda suke kira na don ni tsohon malamin makaranta ne, zai yi wani abu da almakashi. Mafarin taron kuwa, daren jiya jikana ya ci karo da wani abu a bayan randa, inda ruwa ke ɗiga, ya kurma ihu har kakarsa ta fito da taɓarya tana zaton maciji ne. Da aka haska tocila sai ga baiwar Allah bushiya, ta dunƙule ta yi tsit, ba kai ba ƙafa. Yaran suka ce a kife ta da kwano, da safe a gasa. Na ce a ƙyale ta, ai aiki take yi mana, don fara da kyankyasai da ƙwarin da ke damun mu su ne tuwonta, ko kunama ba ta bari. Na yi musu alkawarin in gari ya waye za mu yi tamu ta takarda. Na faɗa ne don su je su kwanta. Yaro kuwa ba ya manta bashi.

Kayan aikin ba su ci mini ko dala ba. Almakashi biyu aro ne, ɗaya na telan unguwa, ɗaya na uwargida, wadda ta ba ni shi da sharuɗɗa. Kwalin sukari na karɓo wajen mai shayin bakin hanya. Ƙaro na jiƙa a gwangwanin tumatir. Gawayi yana madafa. Takardar buhun siminti kuma daga wani gini da ake yi a bayanmu, ita ce ma sirrin abin, don launinta ƙasa-ƙasa ne irin na bushiya, ga ta da kauri. Sai dai babba ya kamata ya ɓare ta a waje, ya jefar da fallen ciki da ya taɓa siminti, saboda yana cin hannu.

Ana yanka kwalin kamar mangwaro, gefe ɗaya ya tsuke ya zama baki. Sai ƙaya, inda aikin yake. A yayyanka takardar siminti dogo-dogo, faɗin yatsu uku. A ninka rabi, a sake ninkawa, a sake, sannan a datse gefe guda a yi masa tsini. In an warware sai ga haƙora jere kamar na zarto. Ana liƙa su daga wutsiya a yo wajen kai, kowane layi ya ɗan hau kan na bayansa, yadda mai baibaya ke fara ɗora shuci daga ƙasa ya yi sama. Gindin kawai ake shafa wa ƙaro, a bar tsinin a sake. A ɗiga ido da hanci da gawayi, a liƙa ɗan zoben kwali a ciki wanda yatsu biyu za su shiga. Shi ke nan, ta zama abar wasa da za a sa a hannu a yi ta motsa ta.

Ni dai har na fara yabon kaina, sai 'yar maƙwabcina ta ɗaga tata ta juya ta. Shekarunta 10, ta maimaita aji sau biyu, kuma a gidansu an riga an yanke hukunci cewa ba ta da kan boko. Ta ce, "Baba Mushe, wannan ai ba bushiya ba ce. Bushiya in ka taɓa ta dunƙulewa take." Na ce, "Takarda ce, 'yata, sai haƙuri." Ba ta ce komai ba, ta fice. Na ɗauka fushi ta yi. Can sai ga ta da basilla da zaren kitso na mahaifiyarta. Ta zauna a ƙuryar zaure, ta ɗauki sabon kwali, ta karta masa layuka a gicciye da bakin almakashi, ba ta bari sun tsage ba, don kawai ya riƙa lanƙwasa. Ta huda hanci, ta huda wutsiya, ta zura zaren ta ƙarƙashin ciki. Da ta gama liƙa ƙaya ta ja zaren, sai abin ya naɗe, hanci ya taɓa wutsiya, ƙayoyin nan suka miƙe tsaye cirko-cirko. Zauren ya kaure da sowa. Na tambaye ta ina ta samo wannan dabara, ta ce zariyar wandon babanta ta tuna.

Yarinyar ba ta san cewa haka Allah ya yi bushiyar gaske ba. Akwai wata tsoka da ta kewaye gefen jikinta, daidai inda ƙaya ta ƙare, in ta tsorata sai ta tsuke ta kamar bakin jakar zariya, kai da ƙafafu su shige ciki. Na yi shekara 31 ina riƙe da alli, ban taɓa kawo wannan tunani ba. Wadda aka ce daƙiƙiya ce ta kawo shi kafin ƙaro ya bushe.

Tun ranar abin yake ci mini rai, shi ya sa nake wannan rubutu. A jadawalin makarantunmu na firamare akwai darasin da ake kira APP, wato ayyukan hannu da na samar da amfani. An yi masa gurbi, an rubuta shi a takarda. Amma duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a ƙasar nan tamu ta Nijar ya san abin da ya koma. Lokacin APP shi ne lokacin sharar fili da tsintar leda. A gari mai wahalar ruwa irin Damagaram, shi ne lokacin da ake tura yara da jarka su cika randar makaranta, wani sa'in har da ta gidan mushe. In jarrabawa ta matso, sai a cinye shi da dikte, wato shifta, da lissafi. Ba zan ɗora wa kowa ba, ni ma na yi. Shekara da shekaru ina kallon agogo, in lokacin ya zo in ce a ɗauko tsintsiya, ni kuma in zauna gindin bedi ina gyaran kaye, wato littattafan rubutun yara. Yara nawa irin wannan yarinya suka wuce ta hannuna na rubuta musu sifiri da jan bik, Allah kaɗai ya sani, kuma ina roƙon Ya yafe mini.

Ra'ayina shi ne a mayar wa wannan darasi haƙƙinsa, a yi shi da gaske kowane mako, yara su yanka, su ninka, su liƙa, su ɗinka, su cuɗa yumɓu, su ɓata su sake. Na san abin da za a ce mini, don na sha jin sa a bakin abokan aiki, na kuma sha faɗar sa da bakina.

Za a ce babu kuɗi. Wannan ba za ta ɗau lokacinmu ba, na riga na lissafa abin da na kashe.

Za a ce yawan yara, kuma a nan mai magana yana da gaskiya. Tara a zaure daban, aji mai yara 70 ko 80 daban, balle ajin zana inda iska ke shigowa ta kwashe takarda, yara suna zaune a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa. Malamar da ta yini tana ɗaga murya tun ƙarfe takwas, ga albashi ba ya kai wata, in ka ce mata ta raba almakashi ga yara 80 ai ta yi maka kallon mahaukaci. Kuma in babu almakashi yara reza za su kawo, tsohuwar reza da aka tsinta a bola, wannan kuwa ba abin wasa ba ne. Na yarda da duk wannan. Sai dai ba dole ne kowane aiki ya bukaci ƙarfe ba. Takarda tana yaguwa da hannu in an ninka ta an danne da farce, yumɓu da kaba da ɓargon kara ba sa son almakashi. Kuma ba dole aji ya yi aiki gaba ɗaya ba. A raba su goma-goma, a ɗauko manyan 'yan CM2, ajin ƙarshe na firamare, su zauna da ƙanana, yadda gardi ke biya wa ƙolo karatu a makarantar allo tun kaka da kakanni, malam ɗaya da almajirai fiye da ɗari. Mu da muka gaji wannan tsari bai kamata yawan yara ya zame mana hujjar naɗe hannu ba.

Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne uba. Maƙwabcin nawa, mahaifin yarinyar, ya leƙo zauren da la'asar ya ga takardu warwatse. Mutumin kirki ne, muna gaisawa da mutunci. Ya ce, "Mushe, da dai karatun ka biya mata, ka san halin da take ciki. Wannan ai shiririta ce." Na ce, "Alhaji, zauna ka gani." Na kira ƙaramin jikana na ce ya ninka takarda sau ɗaya, gida nawa? Biyu. Sau biyu? Huɗu. Kafin in ce sau uku 'yar Alhaji ta ce takwas, ta ƙara da cewa in aka sake ninkawa sha shida ne, amma almakashin Inna ba zai iya cin sa ba. Rabi da rubu'i da sumuni ke nan, abin da nake rubutawa a tablo da Faransanci yara su yi ta kallo na kamar na zo daga wata duniya. Alhaji ya yi murmushi ya ce Allah ya sa albarka, amma na ga bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba. An daɗe ana koya mana cewa ilimi shi ne abin da ake yi a zaune da riga mai tsabta.

Wannan raini yana da tushe. Lakwal ta shigo ƙasar nan ne don Nasara ya sami magatakarda da tafinta, a lokacin da Zinder, wato Damagaram ɗin nan, ke babban birnin mulkin mallaka, kafin a mai da shi Yamai a 1926. Wanda ya ci nasara a lakwal shi ne wanda ya tsere wa fartanya da uwar maƙera ya sami tebur. Mu kuma muka haɗa da namu, na ganin ƙira da jima da dukanci sana'ar gado ce ta wasu gidaje, ɗan wani gida ba ya taɓawa. Alhali garin nan da hannu aka san shi. A ƙarni na 19 Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, a zamaninsa kuma maƙeran garin nan suka ƙera igwa. Baƙon da ya zo yau, me muke kai shi ya gani? Zanen da magina suka yi a fuskar gidajen Birni, aikin fata na dukawa, tukwanen Mirya. Muna alfahari da su gaban baƙo, amma in ɗanmu ya dawo gida da yumɓu a riga sai mu ce makarantar nan ba a karatu. Yanzu kuma teburan sun ƙare. Jami'ar André Salifou da ke garin nan tana yaye ɗalibai kowace shekara, kowa ya san ba dukkansu gwamnati za ta iya ɗauka ba, kuma da yawa cikinsu ba su taɓa kama wani abu da ya wuce bik da waya ba.

Wani abokina ya ce mini wannan yanke-yanken takarda al'adar Turawa ce, irin ta makarantun 'ya'yan masu kuɗi. Gaskiya ne sun riga mu sa shi a jadawali. Bajamushen nan Friedrich Fröbel, wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna a 1840, ya sa ninkin takarda cikin abin da ake koya musu, ƙasar Finlan kuma ta shigar da aikin hannu cikin dokar makarantunta tun 1866. Amma a ce wa ɗan Damagaram yin abin wasa da hannu baƙon abu ne? Mu da muke da wasan kara? Garin da samari ke ɗaukar karan gero su fitar da bindiga da tabarau da na'urar ɗaukar hoto, su yi shigar sarki da gwamna da shugaban ƙasa, manya na zaune suna kallon yadda ake kwaikwayon su suna dariya? Muna yara, bayan girbi ba ka ganin yaro hannu sake. Ɓargon kara da ɓawonsa sun ishe mu yin mota har da ƙofa mai buɗewa. Gwangwanin sardin ya zama tirela, tsohon silifa ya zama taya. 'Yan mata suna yi wa ƙashi kitso su goya shi. Ba wanda ya koya mana a aji, a titi muka koya wajen yayyenmu. Titin ne yanzu ya canza. Mota ta roba tana nan a Kasuwar Dole da araha, ta yi kwana uku ta karye a yar, yayan da zai koya wa ƙane kuma yana can maƙale da waya. Ba zan tsaya zagin waya ba, da ita nake wannan rubutu. Abin da nake cewa, tun da titi ya saki wannan aiki, in makaranta ba ta ɗauka ba babu mai ɗauka.

Akwai kuma maganar addini, wadda ba na so a yi mata riƙon wasa, don masu tayar da ita da zuciya ɗaya suke yi. Wata baiwar Allah ta hana ɗanta dawowa zauren, ta aiko a gaya mini ba ta son a koya masa yin siffar abu mai rai. Na girmama ta, ban ja ba. Amma ga abin da na dogara da shi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tare da ƙawayenta. A ruwayar Abu Dawud har da doki mai fukafukai a cikin kayan wasan nata, da ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawaki masu fukafukai, Manzon Allah ya yi dariya. Sahabiya Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz kuma ta ba da labarin cewa suna yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, in yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa har lokacin buɗa-baki ya yi. Da irin waɗannan ne malamai, cikinsu har da Alƙali Iyad na mazhabarmu ta Malikiyya, suka togace kayan wasan yara daga hanin. Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, ɗansa ya yi mota ko rumbu ko jirgi. Darasin ba ya rataye a wuyan bushiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ranar shi ne surutu. Da suka gama, muka ɗaura zanen uwargida tsakanin kujeru biyu, suka ɓuya a baya suka ɗago hannuwa. "Ga ta nan, ga ta nanku." Nan take suka ƙulla labarin bushiya da kunama sun kai ƙara gaban alƙali a kan wa ya fi wani makami. Akwai wani yaro mai i'ina a cikinsu, wanda in ka gaishe shi sai ya sunkuyar da kai. Da ya shiga bayan zane ya zama alƙali, ya ari muryata, har da yadda nake gyaran murya kafin in yi faɗa, bakinsa bai sarƙe ba sai sau ɗaya ko biyu. Duk da Hausa aka yi, gardama da awo da zargin juna da satar ƙaro. Na tuna zamaninmu na sambol, abin nan da ake rataya wa wanda aka kama ya yi Hausa a lakwal, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. A garin nan aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci a 1973, kuma a watan Maris na 2025 kundin da hukumomi suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ana ta muhawara a kan littattafai da horon malamai da yadda za a yi da sauran harsunanmu, muhawara ce mai kyau, za ta kuma ɗau lokaci. Amma darasin aikin hannu ba ya jiran littafi daga Yamai. Gobe da safe ana iya yin sa da Hausa a nan, da Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci inda su yara ke ji.

Saura maganar maki, wadda ni kaina na yi ta juyawa. Abin da ba ya cikin jarrabawa, malami ba ya ba shi muhimmanci, wannan kowa ya sani. Amma na ga abin da ke faruwa in aka ce yaro ya kawo aikin hannu daga gida a ba shi maki: uwa ta je kasuwa ta sayo tsintsiya ko faifai, ɗan mai kuɗi ya zo na ɗaya, mushe ya tara tsintsiyar shekara. Saboda haka in za a ba da maki, a ba da a kan abin da aka yi a aji, gaban idon malami, a kuma tambayi yaro ya bayyana yadda ya yi da inda ya ci tura. Sufeto in ya zo zagaye ya riƙa tambaya a nuna masa abin da yara suka ƙera a watan, yadda yake tambayar kayen shirin darasi. Makarantar horon malamai ta sa ɗalibanta su taɓa ƙaro da hannunsu kafin a ba su aji, don wanda bai taɓa yi ba kunya ma za ta hana shi farawa. Kwamitin iyaye kuma, maimakon taro sai ranar karɓar kuɗi, ya nemo baduku ko mai saƙar faifai ko tsohuwa mai ginin tukunya daga cikin unguwa, sau ɗaya a wata, a shimfiɗa musu tabarma a gaban aji, a sallame su da abin goro. Da yawansu jikokinsu na cikin ajin.

Bushiyoyin namu dai ba su yi tsawon rai ba. Na jera su a kan dakali su sha iska, na shiga sallar magariba, kafin in fito akuyar gidan ta cinye shida, ta bar mini zoben kwali ɗaya tana kallo na tana tuƙa. Biyu da suka tsira, tururuwa ta bi ƙamshin sukarin kwalin ta mamaye su kafin safiya. An yi kuka, an yi rantsuwar ba za a sake gaishe da akuya ba. Ta 'yar Alhaji ce kawai ta kuɓuta, don ba ta yarda ta bar ta ba, a cikin hijabi ta tafi da ita.

Ranar Litinin da hantsi ta yi sallama. Kunkuru take so ta yi, wanda kansa zai riƙa shigewa yana fitowa. Ta gwada da zare, yana shiga amma ba ya dawowa. Na ce ta ba ni kwana biyu in yi tunani. Ta ce ita tana ganin in aka sami robar da ake ɗaure kuɗi za ta yi, kwali ne dai ya ƙare mata. Na aiki jikana wajen mai shayi. Ya dawo hannu wofi, wai mai shayi ya ce a gaida Mushe, amma tun da abin ya zama na nema, kwali ɗaya yanzu dala biyar ne.